Zanzibar da yara uku: ki tambayi lokacin teku kafin ki kama ɗaki

Tun da muka dawo daga Zanzibar 'yan'uwa da abokan aiki ke tare ni da tambayoyi: yaya aka yi biza, akwai abincin halal, mace mai hijabi za ta sake a can? Duk zan taɓo su. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai babu wadda ta tambaye ni shi, don ni ma kafin mu je ban san ana tambayarsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin yara, har na ɗauka babu haɗarin da zai samu yaro ya zo mini a baƙo. Sai ga shi ruwan da bai wuce ƙuguna ba ya kusa raba ni da ɗana.

Bari mu fara kawar da maganar takardu, don ita ce ke fara kayar da mutane. Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu Unguja da Pemba, kuma Unguja ake nufi idan aka ce za a je hutu Zanzibar. Tun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Suna da shugabansu da majalisarsu, amma bizar Tanzaniya za ki nema. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgi, sai an tura takardunsa an tantance tukuna. A intanet ake cikewa, kowane yaro da nasa fasfon da tasa bizar. Ki ba abin wata biyu, kuma kada maigida ya yi zumuɗin sayen tikiti kafin ta fito. Ki duba kowane fasfo ya rage masa aƙalla wata shida.

Sai katin rigakafin shawara, mai launin rawayan nan, wanda ake tambayar duk wanda ya taso daga Najeriya. Allurar sau ɗaya ce, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Yaranmu da yawa an yi musu ita a wata tara tare da ta ƙyanda, amma katin asibitin unguwa ba shi ake karɓa a kan iyaka ba, sai kin je ofishin lafiya na filin jirgi an ba ki na tafiya. Mai juna biyu da mai jaririn da bai kai wata tara ba su fara ganin likita. Daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta, dala 44 kan babba, yara ana rage musu. Ko kina da wata inshorar sai kin sayi wannan.

Wani abu da ya ba ni dariya a kaina: leda. Tanzaniya ta haramta jakar leda tun Yunin 2019, ni kuwa ban iya haɗa kaya ba sai na ƙulle komai a baƙar leda, daga takalmi har garin kunu. Dole na kwance na koma jakunkunan yadi da robobi masu murfi. Caja kam kada ki damu, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.

Mu ta Adis Ababa muka bi daga Kano. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake sauka, akwai ƙarami kuma wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, da iska mai daɗi, ya kuma dace da dogon hutun makaranta. Mu a Agusta muka je.

To, yanzu ga maganar da na kira ki dominta.

Mu 'yan Arewa ruwan da muka sani kogi ne da dam da kududdufi. Ya cika da damina, ya ja da rani, kuma yana ba ki watanni ki lura da shi. Teku kuwa damina da rani yake yi sau biyu a kowace rana. Ya cika, bayan awa shida da 'yan mintoci ya janye, bayan wasu shidan ya sake cika. Kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin, saboda haka lokacin da kika gani jiya ba shi ne na yau ba. Kuma da wata yake tafiya: a tsayuwar wata da daren sha huɗu ya fi janyewa da nisa, ya fi kuma dawowa da ƙarfi. Ke da kike lissafin kwanan wata don azumin fararen kwanaki, wannan ba zai ba ki wahala ba.

Wannan ne ya raba tsibirin gida biyu ga mai yara. A arewa, Nungwi da Kendwa, kimanin awa ɗaya da rabi a mota daga birni, ruwa ba ya janyewa da nisa. Kowane lokaci ana iya wanka, shi ya sa manyan otal suka taru a can. Amma taku kaɗan za ki yi zurfi ya fara, ga cunkoso, ga mashaya, ga Turawa da shigar da sai kin yi ta kautar da kan yara, a Kendwa har casu ake yi duk wata idan farin wata ya cika. A gabas kuwa, su Paje da Bwejuu da Jambiani, idan ruwa ya janye sai ki ga farin yashi ya miƙe har inda idonki ya tsaya, wani wurin ya fi kilomita. Ƙananan tafkuna ne ke saura, masu ɗumi, iya idon sawu, ɗan shekara biyu ya zauna ya yi ta facal-facal. Ƙauyuka ne na masunta, kina jin kiran salla daga ɗaki, kuma ana samun gidan haya mai kicin. Ni a ganina mai ƙananan yaran da ba su iya ruwa ba gabas ta fi mata. Da sharaɗi ɗaya, wanda ni ban cika ba.

A Jambiani muka sauka. Kwana na uku, sha huɗu ga Safar, da hantsi muka tarar teku ya tafi kamar ba zai dawo ba. Can nesa mata na duƙe cikin gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke kira mwani: turaku ne a kafe, an ɗaura igiyoyi, ciyawar na girma a jiki, su cire su shanya a sayar. Maigida ya zauna a inuwa da Auta, ni na ja Ummi mai shekara goma da Halifa mai shida muka nufi wajensu. Muna tafe muna tsintar kwanson dodon koɗi, Halifa na bin ƙaguwa, ni ina ta ɗaukar hoto. A hanya mun ƙetare wani ɗan kwari mai ruwa iya ƙwauri, ban ma sa shi a lissafi ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai lura matan sun fara ɗaure buhunansu suna ɗorawa a ka. Wata dattijuwa ta ɗago ta kalle mu ta ɗaga murya: "Mama, rudi! Maji yanajaa!" Na yi mata murmushi na ɗaga hannu, a zatona gaisuwa ce. Ta sauke buhunta ta zo ta kama kafaɗata ta juya ni, ta nuna mini bayana.

Ni ina kallon gaba ne, ina jiran in ga igiyar ruwa ta taso kamar a fim. Ashe ba haka yake dawowa ba. Ta kwaruruka yake sulalowa shiru, ya cika wuraren da suka fi ƙasa tukuna, ya zagaye ki ta baya kina tsaye a busasshen tudu. Ɗan kwarin da muka ƙetare ya zama rafi mai gudu. Na riƙe hannun yaran muka shiga. Ruwan ya kawo mini ƙugu, Halifa kuwa ƙirji. A tsakiya ƙafarsa ta zame, hannunsa ya suɓuce daga nawa. Bai yi ihu ba, uwargida. Bai ɗaga hannu ba. Kansa kawai na ga ya yi ƙasa, ya ɗago baki buɗe, ya sake komawa. Na yunƙura in cafko shi, abayata da ta sha ruwa ta naɗe mini ƙafafu kamar an ɗaure ni. Dattijuwar nan ce, da ta biyo mu ba tare da na sani ba, ta finciko shi ta wuyan riga ta saɓa a kafaɗa, ta kama Ummi da ɗaya hannun, ta bar ni in ji da kaina. Ko sunanta ban samu ba. Ta dire shi a kan yashi, ta yi mini faɗan da ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimce shi duka, ta koma neman buhunta.

Ya yi tari, ya amayar da ruwan gishiri, ya yi kuka, alhamdu lillahi. Daren nan ban runtsa ba, ina zaune da agogo ina ƙirga numfashinsa. Ki riƙe wannan: yaron da ya shaƙi ruwa, ko ya tashi yana wasa, a sa masa ido na awanni. Idan tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari na shiga ciki, ko leɓe ya canja launi, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, asibiti kai tsaye. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi arba'in ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri. Idan kuma, Allah ya kiyaye, an fito da yaro ba ya numfashi, kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a tsaya matsa masa ciki wai a fitar da ruwa, kamar yadda ake yi a bakin kogunanmu. Ɓata lokaci ne, kuma yana iya tura amai cikin huhu. A kwantar da shi a bayansa, a ɗan ɗaga haɓa, a fara hura masa numfashi baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin a hura sau biyu, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo mota. Babban asibitin tsibirin, Mnazi Mmoja, a birni yake, tafiyar fiye da awa ɗaya daga Jambiani. Ranar da kika sauka ki tambayi masu masauki asibiti mafi kusa, ki kuma ajiye lambar direba ɗaya.

Washegari na tarar ashe jadawalin cika da janyewar ruwa yana manne a allo kusa da inda muke karyawa, kwana uku ina wuce shi. A waya ma ana samu. Daga ranar ba mu ƙara taka yashin ba sai mun duba, muna fita ruwa na kan janyewa, muna juyowa da zarar ya kai ƙarshen janyewarsa. Idan kika ga matan mwani sun fara haɗa kaya, ke ma ki haɗa naki.

Muka kuma ɗauko wata al'ada daga wurin aikina. A ɗakin marasa lafiya nas ba ta tafiya sai ta miƙa aiki baki da baki. Haka muka koma yi da maigida: "Abban Ummi, yara na hannunka." Sai ya amsa, "Na karɓa," sannan in juya baya. Wanda ke riƙe da aiki wayarsa na cikin jaka. Na san da waya kike karanta ni, ni ma da ita na kusa yin asara, don haka ba gori nake miki ba. Inda manya suka fi yawa nan aka fi sakaci, kowa na zaton wani na kallo. Kada kuma ki ɗora wa 'yar shekara goma tsaron ƙaninta a ruwa, ita ma yarinya ce. Robar nan da ake hurawa yaro ya shiga ciki abin wasa ce, iskar gabas a watan Agusta tana iya janta da yaron duka.

Maganar sutura: kada ki shiga teku da abaya ko dogon hijabi ko zani. Kafin ki taso ki sayi kayan wanka masu rufe jiki, riga mai dogon hannu da wando da hula, na yadi marar shan ruwa. Babu mai kallonki, mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, matansu da baƙar abaya da suke kira buibui suke yawo. Kowa kuma a saya masa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a cikin duwatsu. Wanda ya taka, a jiƙa ƙafar a ruwa mai zafin da hannunki zai iya jurewa, a cire ƙayar da ta fito da hantsaki, wadda ta nutse a bar wa asibiti.

Idan kina da mai sikila, ki ninka kula. Doguwar tafiyar jirgi, ƙishirwa, da daɗewa cikin ruwa iska na bugun jiƙaƙƙen jiki, duk suna tayar da ciwon. Ya ga likitansa kafin tafiya, magungunansa su zauna a jakar hannunki ba a akwati ba, ya yi ta shan ruwa, wankansa ya zama gajere, yana fitowa a goge shi a sa masa busassun kaya.

Jakar maganina ba ta da girma: farasitamol na yara, ma'aunin zafi, filasta, man korar sauro, da ƙullin gishiri da sukari na ORS tare da ƙwayar zink. Ƙulli ɗaya a ruwan da aka rubuta a jikinsa, zink kuma kwana goma zuwa sha huɗu ko da gudawar ta tsaya. Idan ƙullin ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙasa sosai a Zanzibar idan aka gwada da namu, amma bai ƙare ba, ki tabbata ɗakin na da gidan sauro. Kuma baƙar fata ma rana na ƙona ta. Ni na yi gardamar haka har sai da kafaɗun Ummi suka saɓule. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, a sake shafawa duk awa biyu, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa inuwa ce tasa.

Kwana biyun ƙarshe a tsohon birni muka yi su, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa na cewa Stone Town. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa sun tuna mini da cikin birnin Kano, sai dai gidajen benaye ne na dutsen murjani, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. Keken tura jariri ba shi da amfani a nan, goyo ya fi. Da magariba ki kai yara lambun Forodhani a bakin ruwa, inda masu abinci ke baje teburansu: tsire da suke kira mishkaki, ruwan rake da citta da lemun tsami, da urojo, wani romo mai tsami da dankali da 'yan ƙosai a ciki. Dokata a can ita ce abin da aka soya ko aka gasa a gabana, da zafinsa. Kifi da jatan landen da aka jera tun yamma ana jiran mai saye, na wuce su. Yaron da bai taɓa cin kayan teku ba a fara masa da kaɗan, da rana, a ga yadda jikinsa zai karɓa. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa: a Maris 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a yankin Pemba bayan sun ci shi.

Ciniki zai zo miki da sauƙi fiye da zatonki, don Swahili ya sha Larabci kamar Hausa. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, kin ji ai ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin ne. Habari labari ne, sabuni sabulu, Alhamisi da Ijumaa ba sai an fassara miki ba. Elfu dubu ne. Ki canji shilin ɗinsu tun a birni, ƙauye ba ko'ina ake samun na'urar cirar kuɗi ba. Amma ki yi hattara da agogonsu, daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya. Mai kwale-kwalen da zai kai mu tsibirin Changuu ya ce mu haɗu saa tatu, maigida ya duba a waya ya ga tatu uku ne, muka yi niyyar zuwa ƙarfe uku na yamma. Mutumin tun tara na safe yake jiranmu.

Changuu tafiyar kusan rabin awa ce, a nan manyan kunkurun nan suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshels a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. Yara za su so su. Kafin ki biya ki ce a nuna miki rigar ceto daidai jikin kowane yaro, ba ta manya da za ta zame ta kansa ba. Na farkon da muka samu ya ce babu komai, teku a kwance yake. Muka bar shi muka nemi wani. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a Neja da Kebbi duk damina ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Akwai wuri ɗaya da na yi ta shawara da zuciyata kafin in shiga da yara: tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini, wadda aka rufe a 1873 zamanin Sarki Barghash, aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da gumakan mutane a rami da sarƙa a wuya. Ummi kaɗai na shiga da ita, Halifa ya yi ƙanƙanta. Ta yi shiru har muka fito, sannan ta tambaye ni ko su waye suke sayarwa, su waye suke saye. Na gaya mata gaskiya, har da cewa a ƙasarmu ma an yi.

Ranar tafiya muka biya wata gonar kayan ƙamshi a wajen gari. Nan na fara ganin kanumfari a kan bishiyarsa, ashe tohon fure ne ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, kirfa kuma ɓawon itace. Karafuu suke ce masa. Tsarabar a kasuwar Darajani na saye ta, ta fi araha nesa ba kusa ba. Halifa ya ƙi yarda a sa kwansunan da ya tsinta a akwati, wai na tekun ne, kada ya biyo mu Kano karɓar kayansa. A bakin ruwa muka bar su.